Hamma Buba, Sun Bar Ɗanka Ya Fita Shi Kaɗai

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Hamma Buba, kuma niyyata in rubuta muku wani abu mai sanyi a kansa, irin wanda ake karantawa a yi tagumi a ce Allah sarki. Har na fara. Sai Asabar ɗin da ta wuce na je kallon wasan farko na ƙungiyar ƙwallon kwandon garinmu a kakar bana, na dawo gida na ture wancan rubutun gefe. Ku yi haƙuri, yau a fusace nake. Shi ma da yana nan ba zai yarda a tuna shi da murya ƙasa-ƙasa ba, don mutum ne da ko gaisuwa ya yi sai maƙwabta sun amsa.

Ga wanda bai san shi ba, Hamma Buba malamin dabbobi ne, Bafulatanin gari, gidansa na kan hanyar Gubi. Ni kuma maganin dabbobi nake fatauci, ta nan muka haɗu. Gajere ne, ga tumbi, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa jefa ƙwallo ta shiga kwando ba. Na ga ya gwada, ba labari aka ba ni ba. Amma shi ne shugaban magoya bayan ƙungiyar nan ba tare da kowa ya zaɓe shi ba. Yadda yake duba saniya a kasuwa, haka yake duba ɗan wasa. Sai ya zungure ni ya ce, "Ka ga wancan mai lamba tara? Ƙafarsa ta hagu yake tausayi, ba zai kai ƙarshen wasa ba." Ko ya ce, "Wannan yaron ba ya ƙoshi, dubi haƙarƙarinsa." Washegari sai ka ji ya aika wa yaron da kindirmo.

Ya bar 'ya'ya, cikinsu akwai Idi, wanda ban san inda ya samo tsawonsa ba, don sai ya sunkuya yake shiga zauren ubansa. Bana aka ɗauki Idi a ƙungiyar. Tun kafin nan wata ƙungiya daga kudu ke ta kiransa, ya ƙi. Ya ce mini, "Bappa, a gaban mutanen Baba zan fara wasa, ba a gaban baƙi ba." Ƙungiyar can ba ta haƙura ba, kuma har yanzu ba a rufe ƙofar sauya ƙungiya ba. Wato ranar Asabar ba maki kaɗai ake nema ba. Ana gwada ko garin nan zai iya riƙe ɗan Hamma Buba.

To ku ji yadda aka yi. Ina shiga ɗakin wasan, abin da ya fara tarbata ƙamshin soyayyen nama ne da turaren amare. Na ɗaga kai, sai ga ƙyallen ado ruwan hoda yana reto a jikin kwando. Ashe ranar Juma'a masu kula da ƙungiyar sun ba da hayar ɗakin an yi dinar biki. An ci, an sha, an zubar da mai da lemo a kan daɓen da 'ya'yan mutane za su yi gudu a kai. Da safe aka zo da bokiti da garin sabulu aka wanke, ba a ɗauraye ba. Daɓen yana ta ƙyalli, gwanin sha'awa, har wani a gefena yana cewa bana an yi gyara.

Na yi yawo, jama'a. Na kalli ƙwallon kwando a Garwa, na kalla a Bamako, na kalla a Dakar inda mata ke zuwa da goyo suna kiɗa har a tashi. Na ga filin da ba rufi, na ga wanda awaki ke ratsawa ana cikin wasa. Amma ban taɓa ganin inda aka yi wa 'yan wasa shimfiɗar sabulu ranar buɗe kaka ba sai a garinmu.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Yaran sun motsa jiki, sun yi zufa, sun shirya, sai aka ce su yi layi, babban baƙo na hanya. Suka tsaya. Zufar ta bushe, babban baƙo bai zo ba. Da ya iso kuma sai jawabi, wannan ya gaida wancan, wancan ya gaida wannan, kowa da jerin muƙamansa. Kafin alƙalin wasa ya busa usur, yaranmu sun sandare kamar an fito da su daga firij.

Ba zan wanke su ba don ina son su. Baƙin ma a kan daɓen nan suka yi wasa. Amma su da suka zame sau ɗaya, sau biyu, sai suka rage gudu, suka riƙa goge takalmi da tawul, suka koma jifa daga nesa. Namu kuwa gudu suke kamar an biyo su, suna faɗuwa suna tashi, kocinsu na gefe yana ihun su ƙara sauri. Idi ya faɗi a ƙarƙashin kwando ƙwallo na hannunsa, ba kowa a gabansa. Can kuma aka yi masa keta, aka ba shi jifa shi kaɗai, ya jefa ta daki ƙarfe ta dawo, ya sake jefawa ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Baƙi suka yi mana nisan da ko kunyar duba allon maki nake ji. Wasa ne maras daɗi, kuma duk wanda ya ce ransa bai ɓaci ba, ba kallo ya je ba.

Amma abin da ya hana ni cin tuwo ranar ba allon maki ba ne. Daga bayana na ji murya: "Kai dogon banza, ka koma kiwo!" Aka fashe da dariya, wasu suka ɗauka suna maimaitawa. Wani ya wurgo ledar ruwa ta fashe a fili, wato ya ƙara wa sabulu ruwa, haziƙin mutum. Samari sun ɗaga waya suna ɗaukar faɗuwar Idi, kafin magariba an sa mata kiɗa tana yawo. Ana zubi na uku mutane suka fara tashi layi-layi kamar an idar da sallar Juma'a. Da aka busa usur na ƙarshe, kana iya jin ƙarar takalmin yaran a ɗakin.

Nan ne na tuna abokina har idona ya cika. Kada ku ɗauka Hamma Buba mai lallashi ne. A cikin wasa ba wanda ya kai shi masifa. Yana tsaye a kan benci, hula a hannu, yana cewa, "Kai Sale, da hannun nan kake cin tuwo? Ko maraƙi ya fi ka sanin inda zai sa ƙafa!" Amma masifarsa a kan hannu da ƙafa take tsayawa. Ba ta zuwa kan uwa, ba ta zuwa kan uba, ba ta zuwa kan inda mutum ya fito. Wanda ya ƙetare wannan, da kansa yake kamo hannunsa ya fitar da shi waje.

Sannan akwai rakiya. Shi ya ƙirƙiro ta. Da an busa usur na ƙarshe, an ci ko an sha kashi, sai ya mai da hularsa, ya ce mu tashi. Mu jeru a bakin ƙofa mu jira yaran su sake kaya, sannan mu taka da su har bakin titi inda suke shiga keke. Bitrus na Yelwa yana gaba da gangarsa, idan an ci ya buga da zafi, idan an sha kashi ya buga a hankali. Hamma yakan ce yaran nan gidanmu suka zo suka yi mana aiki, kuma a wurinmu ba a barin mutum ya fita daga gidanka shi kaɗai. Na tuna wata rana da aka yi mana cin wulaƙanci, kyaftin ya fito yana hawaye. Hamma ya karɓe masa jaka ya rataya, jakar na jan ƙasa, yana tafe yana yi masa faɗa har bakin titi. Da suka isa ya miƙa masa hannu ya ce, "Sai Asabar, kuma ka ci abinci." Kyaftin ɗin ya yi wa garin nan wasa har gwiwarsa ta gaji.

Ranar Asabar ɗin nan mu biyu muka tsaya a bakin ƙofa, ni da Bitrus. Ya tsufa, kuma ba ganga, don masu gadi sun hana shi shiga da ita, wai za ta dami babban baƙo. Yaran suka fito kansu a ƙasa, muka bi su a baya, tsofaffi biyu, kamar masu neman a rage musu hanya. Yawancinsu ba su ma san abin da muke yi ba. Muka kai titi, muka dawo, muna jiran Idi. Shiru. Sai mai shara ya ce ai tuni ya fita ta ƙofar baya. Bitrus ya dube ni ya ce, "Alhaji, yau da Hamma na nan da wani ya sha mari." Na ce, "Da ni da kai ne farko, da muka bari aka kai haka."

Washegari na hau keke zuwa hanyar Gubi. Na sami Idi a zaure ya miƙe ƙafafu, gwiwarsa a kumbure. Na zauna na fara abin da manya ke yi, haƙuri, wasa ɗaya ne, kaka da tsawo. Ya bari har na gama.

Ya ce, "Bappa, da zagin wasa ne da na shanye, ai na ɓata. Amma ka san wanda ya ce in koma kiwo? A bayan babur ɗin Baba yake zuwa kallo yana yaro. A zauren nan ya sha fura."

Na ce, "To saboda wawa ɗaya za ka bar gari?"

Ya ce, "Shi ɗaya ya faɗa. Su nawa suka yi dariya?"

Mahaifiyarsa, Dada Hajjo, tana jin mu daga tsakar gida. Ta leƙo ta ce, "Alhaji, ka bar shi ya tafi. Ubansa ya ƙarar da takalmansa wajen raka 'ya'yan mutane. Nasa ɗan ta ƙofar baya ya fita." Ni da ake cewa ba a kayar da ni a zance daga nan har Kwatano, sai na ɗauki hulata na yi musu sallama.

Tun ranar nake tambayar kaina, da Hamma Buba na raye me zai yi? Na san zai fara da Idi, zai ce masa jifan nan na biyu ko makaho ya fi shi. Na san zai tafi ofishin masu ƙungiyar ya tambaye su ko gidan biki suka buɗe, kuma ba zai zauna ba ko an ba shi kujera. Abin da ban sani ba shi ne me zai ce da mu, 'yan kallo. Mu da muka koma masu zuwa fili don mu ɗauki faɗuwar ɗanmu a waya mu tura wa duniya. Masu dina sun ɓata daɓe, gaskiya ne, amma daɓe ruwa zai gyara shi. Mu me zai gyara mu? Kullum muna kukan yaranmu masu hazaƙa suna gudu wasu garuruwa, muna ɗora wa gwamnati, muna ɗora wa rashin kayan aiki. Wannan karon da bakinmu muka kori ɗaya, ina zaune ina ji.

Ranar Laraba Idi ya tafi. Na kai shi tasha, aka ba shi kujerar gaba, duk da haka gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Direba na shirin tashi sai Idi ya leƙo ta taga ya ce, "Bappa, idan muka zo wasa Bauchi, a wane ɓangare za ka zauna?" Dariya yake yi, amma ba wasa yake ba. Sai motar ta tashi.

In aka ce in lissafa abin da ya rage na Hamma Buba bayan shekarun nan, ba shi da yawa. Ba a sa wa ko benci sunansa ba, kuma shi ba zai damu ba. Akwai tsofaffin 'yan wasa a garin nan, wasu direbobi yanzu, wasu malaman makaranta, da har yau in an ambace shi sai su yi masa addu'a. Akwai ni da Bitrus, muna ja da ƙyar. Amma mafi kyawun abin da ya bari yana can kudu yanzu, zai sa rigar wasu, wasu za su yi masa tafi. Allah ya jiƙan Hamma, ya sanyaya masa makwanci, ya yafe masa ihun da ya yi mana a kunne. Ni kuwa aka bar ni da tambayar yaron, kuma wallahi har na ajiye alƙalamin nan ban san inda zan zauna ba.