Ayar da na ƙaga wa Kaka

Ina da shekara goma sha ɗaya na yi wa kakata ƙarya da sunan Allah, kuma ita ce ta sha kunyar a madadina. Yau furfura ta cika mini kai, amma in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A Gummi muka tashi. Babanmu kafinta ne, gidanmu kuma yana cikin 'yan gidajen Kirista da ba su fi a ƙirga da yatsu ba a unguwar. Kaka, mahaifiyar Baba, tare da mu take zaune. Lokacin sanyi, da an gama cin tuwo, Inna takan bar mata garwashin murhu, mu jawo kara mu ƙara, mu kewaye ta: ni Ɗanladi da nake babba, da ƙanena Bitrus, da autarmu Rifkatu. Maigida take kirana, tana tsokanata wai ta auri mijin da bai taɓa kawo ko gishiri ba. Ni kuma in ce ai matar da ba haƙora ba ta bukatar cefane.

Kaka ba ta taɓa shiga aji ba, ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Amma tana da wata al'ada da ba ta fasawa. In ta gama tatsuniya, sai ta warware ɗankwalin da take naɗe Littafi Mai Tsarki a ciki, ta miƙo mini, ta ce in buɗe inda Allah ya nufa in karanta aya ɗaya. In na karanta, ta maimaita sau uku, shi ke nan ta zauna mata a ka. Da haka ta tara ayoyi fiye da masu karatun. A zumuntar mata ta majami'armu, in aka rasa aya ita ake juyowa a kalla. Ba ta da zinariya, ba ta da saniya, wannan ne kaɗai abin da take taƙama da shi.

Ranar da abin ya faru, Baba ya tafi Bukkuyum aikin rufi, ya bar mini kashedi in riƙa ɗaure akuya. Na tafi ƙwallo na bar ta a sake. Ta shiga gidan maƙwabcinmu Malam Garba ta cinye shanyar waken matarsa tas. Inna ta je ta ba da haƙuri, ta dawo ta ce ba za ta taɓa ni ba, in jira ubana gobe. Na san tsumagiyar Baba sarai. Tuwon ranar ko ɗanɗanonsa ban ji ba.

Da Kaka ta miƙo Littafin, na buɗe na faɗa kan wani jerin sunaye masu karya harshe. A nan Shaiɗan ya raɗa mini, ni kuma ban yi masa gardama ba. Na ɗora yatsa a kan layi, na gyara murya irin ta mai bishara, na ce: "Kada ka ɗaga sanda a kan yaro saboda abin da dabba ta ci, gama Ubangiji ne ya ba ta baki."

Kaka ta riƙe haɓa. Ta ce ikon Allah, dubi yadda Littafi ya san abin da ke gidanmu. Ta maimaita sau uku.

Washegari Baba na ɗauko tsumagiya ta tare shi da ayar. Karatun Baba bai wuce na awon katako ba, ga shi ba ya musu da uwarsa. Ya harare ni, ya jefar da tsumagiyar. Na tsira, har ina jin kaina gwani. Kaka kuwa ayar ta shiga ranta fiye da saura. Duk yaron da za a duka a unguwa kan ɓarnar tunkiya ko jaki, tana can da sandarta tana karanto wa iyayensa. Musulmi maƙwabtanmu sukan yi dariya su saki yaron don girmanta. Wata huɗu ina kallon haka, bakina gum.

Sai aka yi babban taron zumuntar mata a garinmu, mata suka zo daga Anka da Bukkuyum. Aka ce kowace majami'a ta fitar da mace ɗaya ta faɗi ayar da ta fi ƙauna. Namu suka tura Kaka suna alfahari. Ban je ba, daga bakin Inna na ji tana ba Baba labari a zaure. Kaka ta tashi ta faɗi ayata da ƙarfi. Wata matar fasto ta tambaye ta a wace sura take. Aka yi ta buɗe shafuka, babu. 'Yan mata na baya suka fara ƙyaƙyatawa, wata ta ce tsufa ne, a yi mata uzuri. Da aka tambaye ta wa ya karanta mata, sai ta ce a bar abin a kanta, ta koma ta zauna.

Da yamma na so in ɓuya, amma ina zan je? Aka hura wuta kamar kullum. Kaka ba ta tsokane ni ba. Ta ce mu matso, ta fara.

Wai an yi wani manomi makaho da ya shuka gero a bakin gulbi. Da yake ba ya gani, sai ya roƙi birin da ke kan tsamiyar gonar ya riƙa gaya masa halin da geron ke ciki. Kullum ya zo ya tambaya, biri ya ce bai nuna ba tukuna, alhali zangarniya yake karya yana ci. Mutane suka ga makaho yana gadin karan da ba zangarniya, yana cewa geronsa na nan tafe, suka yi ta yi masa dariya a kasuwa. Daga baya ya shiga gonar ya shafa da hannunsa, ya gane. Rifkatu ta tambaya ko ya sa an kashe birin. Kaka ta ce a'a, da damina ta zagayo ya sake shuka, ya koma gindin tsamiyar nan.

"Yac ce mashi, ni ban da ido sai naka. Ka duba man da kyau wagga shekara."

Nan ta tsaya. Ta warware ɗankwali, ta miƙo mini Littafin. Ban miƙa hannu ba.

"Amshi, maigida," ta ce. "Karanta a hankali, ina son in riƙe."

Na karanta abin da ke rubuce, harafi bayan harafi, hawaye na sauka a kan takardar. Ta maimaita sau uku, ta naɗe Littafinta. Wannan ce damar da ta ba ni in ce Kaka ni ne, ki gafarta mini. Ban faɗa ba. Tsoron Baba ya hana ni a lokacin, daga baya kuma girman kai ya karɓa.

Ba ta ƙara tashi faɗin aya a zumunta ba har ta rasu, ina kwalejin horon malamai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda labarin ya zama abin wasa a danginmu. Duk wanda ya ƙaga magana ya jingina wa wani babba, sai a ce ya kawo ayar Kaka. Jikokin da ba su taɓa ganinta ba sun iya faɗi. Ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba, na kuma yi dariya tare da kowa. Tir da ni.

Da na yi ritaya daga koyarwa, 'ya'yana suka matsa in rubuta tarihin rayuwata, yadda Ubangiji ya bi da ni. Na tsara kowane babi ya buɗe da ayar da ta riƙe ni a wancan lokacin, ko wata maganar bangaskiya da na ji daga iyaye. Aikin yana da daɗi, har da ɗan yaudara a ciki, don in ka ɗora aya a saman shafi, duk abin da ke ƙasa sai ya yi kama da na mutumin kirki. Na yi babi shida lafiya lau. Da na iso kan Kaka, mako uku alƙalami ya ƙi tafiya. Kowace aya na ɗauko, sai in ga ina neman lulluɓe kaina ne da ita.

Ana haka Bitrus da Rifkatu suka zo gaishe ni. Bitrus ya ga babin babu komai a samansa, ya ce me nake nema da nisa, in sa ayar Kaka mana, masu karatu su sha dariya. A nan na gaya musu. Na faɗi komai, da akuyar, da jerin sunayen, da muryar mai bishara. Bitrus ya ce, "Yaya, shekara nawa muna yi mata dariya, kana zaune cikinmu?"

Rifkatu ba ta yi mamaki ba. Ta ce ita ta daɗe da zargi, don lokacin da ta iya karatu ta taɓa roƙon Kaka ta bar ta ta riƙa karanta mata ayar bayan tatsuniya, tunda ni wani lokaci ina tsallake layi. Kaka ta hana ta. Na tambaye ta me ta ce.

"Cewa ta yi, bar mashi. In na amshe Littafin daga hannunai, wa za ya ƙara yarda da shi?"

A da ina ɗauka tatsuniyar birin zagi ce ta yi mini a fakaice. Sai yanzu na gane ba birin take so in duba ba, makahon ne, da komawarsa gindin tsamiya yana sane. Ta zaɓi a ce ta ruɗe da a ce jikanta maƙaryaci ne, ta tafi kabari da wannan sunan, ni kuma na zama malamin da iyaye ke damƙa wa 'ya'yansu.

Babin ya fita babu aya a samansa, don ban cancanci in sa masa ba. Roƙo ɗaya na rubuta a wurin, ga 'ya'yana da jikokina da duk wanda ya haɗa jini da mu: kakarmu ba ta taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kan maganar Allah ba. In wani ya sake ƙaga magana a gidan nan, ku ce ya kawo ayar Ɗanladi.