Abin Da Ya Rage A Gindin Ƙwarya

Mun bar Bebeji ran wata Talata da ƙarfe biyar da kwata na asuba, ni da Baffana Haladu da jakinsa. Agogon aljihuna ne ya faɗi lokacin. Baffa kuwa cewa ya yi shi zakaran maƙwabta ne agogonsa, kuma bai taɓa tsayawa don an manta ba a murɗa shi ba. A lokacin ina malamin yaƙi da jahilci, saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Kaka ce, ruwa ya ɗauke bai daɗe ba, dawa ta sunkuyar da kai a gonaki, raɓa tana jiƙa mana ƙafar wando.

Bari in faɗi dalilin tafiyar. Baffa Haladu ƙanen mahaifina ne, kuma da ƙuruciyarsa ya yi aikin kuza a Riruwai. Wata rana yana wankin kuza a wani ɗan rafi bayan duwatsu, sai ya ga zinari a gindin ƙwaryarsa, 'yan ƙwayoyi kamar garin gero. Shugaban lebura ya karɓe, magana ta wuce. Amma a zuciyar Baffa ba ta wuce ba. Tun da ya dawo gida, duk shekara in ya gama girbi sai ya ɗauki ƙwaryar nan ya bi rafukanmu yana wanke yashi. Ba arziki yake nema ba, gonarsa ta ishe shi. Sha'awa ce kawai, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru. Bai taɓa samun komai ba sai suna, don duk garin Mai Zinari ake ce masa ana dariya, har da ni a ɓoye.

To, sai yanar ido ta kama shi. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama yana gani kamar ta cikin hayaƙi. Wata rana ya kira ni ya ce, "Malam, wannan ma ba zai kai baɗi ba. Kai ni Riruwai in ƙara ganin abin nan sau ɗaya." Malam yake kirana don tsokana. Ranar ban ji tsokana a ciki ba.

Kiru

Mun shiga Kiru da hantsi, tafiyar kamar mil tara, Baffa a kan jaki ni a ƙasa. Abin da ya biyo da mu nan ƙwaryar ce. Ta tsage da damina, ya aika da ita wurin wani gyartai, wato mai ɗinkin ƙwarya, wanda ya yi suna a garin. Muka same shi a gindin durumi, fasassun ƙorai kewaye da shi. Bayan doguwar gaisuwa ya miƙo ta, ta yi baƙi ƙirin don tsufa, ɗinki ya ratsa ta daga baki har gindi.

"Baba, da sabuwa ka saya," in ji gyartai. "Taro ce a kasuwa, kwabo uku kacal."

Baffa ya shafa ɗinkin da ɗan yatsa ya ce, "Sabuwa ba ta san hanya ba. Wannan ta taɓa zuwa."

Mun wuni a nan, muka bar jakin a gidan wani surukin Baffa, muka kwana a zaure. An kawo mana tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya. Baffa ya ci kaɗan, ya kifa ƙwaryar kusa da kansa.

Laraba, hanyar Tudun Wada

Muka fito bakin babbar hanya, muka zauna jiran mota tun ƙarfe tara har bayan azahar. Da ta zo, motar kaya ce ɗauke da gishiri da kananzir za ta wajen ma'aikatar kuza. Direban wani gajeren mutum ne mai jan haƙora don goro. Ya ce sule biyu-biyu zuwa Tudun Wada, mil arba'in ne. Ni dai bayana ya ce sun fi haka.

Muka hau bisa buhunan gishiri. Daga can sama ƙasar ta buɗe, fadamun shinkafa sun yi ruwan ɗorawa, balbelu suna tashi suna sauka. Baffa ya rungume ƙwarya ya ce in riƙa gaya masa abin da muke wucewa. Na ce ga rimi, ga mata suna yankan shinkafa, ga garken shanu. In na yi shiru sai shi ya ɗauka, ya riƙa ba ni labarin rafinsa: ruwan sanyi ƙarara, akwai wani dutse mai kama da turmi a gefe, ga itacen kanya a bisansa. Ina jinsa ina gyangyaɗi, har na kasa rabe abin da idona ya gani da abin da bakinsa ya faɗa.

Mun sauka Tudun Wada ana kiran magariba. Direba ya kai mu gidan da yake sauka, aka ba mu tuwon shinkafa da miyar taushe, ban taɓa cin mai daɗinsa ba.

Alhamis, dajin Falgore

Ƙarfe bakwai muka tashi. A bakin daji akwai sanda a gicciye da malamin daji cikin kaki. Ya leƙa mota, ya tambaya ko akwai bindiga ko tarko. Sai idonsa ya faɗa kan ƙwarya.

"Baba, ina zuwa da ƙwarya ba fura?"

"Zinari za ni gani, ɗana."

Gabana ya faɗi, don na san ba a haƙar irin wannan abu sai da takarda. Malamin daji ya dubi idanun Baffa, ya dubi ƙwaryar mai ɗinki, ya ɗaga sanda. Ya ce, "Allah ya nuna maka, Baba."

Dajin ya haɗiye mu. Itatuwa sun haɗa kai bisa hanya, rana tana ɗigowa kaɗan-kaɗan, motar tana tafiya kamar ba ta so ta tashi wani daga barci. Birai suka tsallaka gabanmu a jere, ba su ko gaggauta ba. Baffa ya ɗaga hanci ya ce ya ji ƙanshin ƙasar duwatsu, mun kusa. Ni ƙanshin kananzir kawai nake ji. Sau biyu muka sauka tura mota a mashigin ruwa, sai la'asar muka kai Doguwa, inda muka sha fura da nono mai kauri muka kwana.

Riruwai

Da safiyar Juma'a muka ƙarasa. Gari ne a gindin duwatsu, ko'ina ramuka da tsibin jar ƙasa, kowace irin Hausa kana jinta a kasuwa. Baffa ya tambayi mutum huɗu cikin abokan aikinsa na da, duk an ce sun rasu. Bai ƙara tambayar kowa ba. Bayan masallaci muka kama hanya a ƙasa, yana riƙe da kafaɗata, shi ke cewa bi dama, bi hagu. Awa biyu muka yi. Ga rafi, ga dutse mai kama da turmi, ga kanya. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, don duk shekarun nan na ɗauka rabin labarin mafarki ne.

Akwai rugar Fulani kusa, masu shanu da 'yar gonar gero. Suka sauke mu a wata bukka. Tsohuwar gidan, Goggo Dudu, ita ta ɗauki nauyin cinmu, siririya ce mai yawan magana da dariya.

Da gari ya waye Baffa ya koya mini aikin. A ɗebo yashi daga bayan dutse, inda ruwa ke hutawa. A nutsa ƙwarya, a jujjuya a hankali, marar nauyi ya bi ruwa, mai nauyi ya kwanta. A ƙarshe baƙin yashi zai rage, zinari kuwa yana ƙarƙashinsa. Shi ba zai iya ba, hannunsa na rawa. Ni kuwa hannun alli gare ni. Ko in juya da ƙarfi komai ya zube, ko in juya da tsoro in wuni da ƙwarya ɗaya. Kwana biyu muna haka. Baffa yana zaune bisa dutsen turmi, in na miƙa masa sai ya kai ƙwaryar dab da idon dama, ya karkata ta wajen rana, ya girgiza kai. Ran Lahadi da yamma ya tambaye ni ko hadari ne ya haɗo. Sama kuwa tas take. Na ce e, Baffa, ɗan gajimare ne. Na ji tsoro ƙwarai a ranar.

Ran Litinin da la'asar sakaliya Goggo Dudu ta zo ɗiban ruwa, ta tsaya tana kallona har ta gaji.

"Kai ɗan nan, haka ake rege abu? Wa ya koya maka? Miƙo nan."

Ta ɗaure zane ta shiga ruwa. Ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Shekara hamsin tana rege gero, ƙwaryar tana yawo a tafinta kamar da kanta take juyawa. Jan yashi ya fita, fari ya fita, tsakuwa ta fita. Baffa ya ji sautin ruwan ya canza, ya sauko daga dutse ya matso, ya durƙusa kusa da ita. Abin ya ragu ya ragu, saura baƙin yashi cikin cokali. Na leƙa, na ga kamar wani abu ya yi walƙiya a gefensa. Na buɗe baki.

Sai Goggo ta watsar da shi cikin rafi.

Ba da gangan ta yi ba, kuma laifinmu ne da ba mu gaya mata ba. Duk macen da ta taɓa rege hatsi ta san abin da ya rage a gindin ƙwarya tsakuwa ce, zubarwa ake yi. Hannunta ya yi abin da ya saba tun tana yarinya. Ruwan ya tashi sama, rana ta faɗa cikinsa, ya watse ya koma rafi.

Na yi salati da ƙarfi. "Goggo! Ai shi muke nema!"

Ta dafe ƙirji. "Dattin? Wayyo ni Dudu! Don Allah Malam Haladu ka yafe ni, bari in sake."

Baffa bai motsa ba, fuskarsa tana wajen da ruwan ya bi. Can ya ce, a hankali, "Bar shi, Goggo. Na gan shi."

"Baffa, me ka gani?"

"Ya tashi sama, ya yi ja, ya sauka. Shi ne. Ban manta shi ba."

A raina na ce hasken yamma ne a jikin ruwa, kowane ɗigo ja yake a wannan lokaci. Goggo ta sake regewa har sau shida kafin magariba, tana riƙe hannunta da ƙyar a ƙarshen kowace, ba mu sami komai ba sai kuza. Baffa ko leƙawa bai yi ba. Ya ce gobe gida.

Komawa

Kwana huɗu muka yi a hanya, ta inda muka zo. Ba ni da abin faɗa a kai, sai dai cewa Baffa bai ƙara neman in gaya masa abin da muke wucewa ba. Yana zaune bisa buhunan kuza yana murmushi shi kaɗai. Ni kuwa baƙin ciki ya cika ni, ina ganin na kai tsoho ƙarshen duniya na dawo da shi da ƙwarya wofi. A Kiru, da aka kawo jakinsa, sai da ya lalubi wuyansa kafin ya gane shi. Muka shiga Bebeji ran Juma'a da ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Masu zama a bakin kasuwa suka ɗaga murya, "Mai Zinari, ina tsaraba?" Ya ce musu sai an huta.

Bayan kwana uku mai ɗakina Hansatu ta ɗauki ƙwaryar za ta wanke ta ajiye. Tana goge ɗinkin gyartai da tsinke sai ta kira ni. A cikin ramukan ɗinkin, can wajen gindi, 'yan ƙwayoyi uku sun maƙale, ƙanana kamar garin gero, ja wur. Na kai wa Baffa a zaure, maƙwabta suka cika wurin, kowa yana cewa a ba shi ya gani. Na ɗora masa su a tafin hannu, na ja shi bakin ƙofa inda rana take. Ya ɗaga hannun wajen fuskarsa, ya sauke. Idon dama ma ya riga ya rufe.

Kuka ya zo mini. Na ce, "Baffa, ga shi, gaskiyarka ne. Da mun duba tun a can..."

Ya laluba ya kama hannuna, ya juye mini su a ciki, ya rufe yatsuna.

"Ku ku duba, Malam. Ni na riga na gani."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa direban gishiri, da malamin dajin da ya ɗaga sanda, da gyartan Kiru wanda bai san abin da ɗinkinsa ya riƙe ba, da Goggo Dudu mai hannu mai albarka. Baffa ya ƙara shekara shida yana ba da labarin yadda abin ya tashi sama ya yi ja, ba wanda ya sake yin dariya. Allah ya jiƙansa. Ƙwaryar tana rataye a ɗakina, ban bari an sake rege komai da ita ba.