Gishirin da Gwaggo Take Wankewa

Mai yiwuwa na cakuɗa wasu abubuwa, don ban tabbata ba ko kafin bautar ƙasa ne ko bayan na dawo. Tiren gishirin dai ina ganinsa har yanzu, a kan rufin akurkin kaji, a gidanmu na Abakpa.

Gwaggo, yayar mahaifinmu, ita ke riƙe da madafi tun rasuwar mahaifiyarmu. Mace ce mai tsananin tsafta. Gishirin awo take saya, ta ɗauraye shi da ruwa, ta tsiyaye, ta shanya a tire a rana har ya yi fari tas. A jami'a an koya mana cewa sinadarin aidin da ake sa wa gishiri don kare mutane daga ciwon maƙoƙo ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma ruwa da rana suna iya tafiya da shi. Ni kuwa na dawo gida na tarar wuyan ƙanwata ya fara kumbura, tana naɗe shi da mayafi ko a tsakar gida.

Na kai ta asibiti. Likita ya ce maƙoƙo ne, ya rubuta gwaji da magani. Bai ce gishirin ne kaɗai dalili ba, ni ma ban taɓa cewa haka ba. Duk da haka na sayo gishirin leda mai aidin, na juye a kwalba mai murfi, na ɗauke tiren na kulle a ɗakina.

"To malama," in ji Gwaggo, "gishirin ma yanzu sai mai digiri?"

Na ce, "Gwaggo, ki wanke shinkafa, ki wanke nama, ni ma ki wanke ni in kin so. Wannan kam ba za a wanke shi ba."

Baba ya kira ni ya ce in ba ta haƙuri, in mayar mata da kayanta. Haƙuri na ba ta a durƙushe. Tiren na ce a'a. Daga nan ta ware tukunyarta, ta daɗe ba ta cin abin da na dafa.

Kumburin ya ja baya a hankali. Ko maganin ne ko gishirin, ban isa in yanke ba, kuma ban yi nadama ba. 'Yan gidanmu da suka shaida, duk wanda ya tuna daban ya aiko mini in gyara.