Yadda Aka Tafi Da Autarmu Kuta

Wautar da na tafka ita ce, na ɗauka matar ta zo rubuta sunayen masu karɓar shinkafar tallafi ne. A unguwarmu Kpakungu da ke Minna kuwa, idan farar mota ta tsaya a bakin layi, mace ta fito da jaka tana tsallake kwata, kowa ya san abin yi: a kashe talabijin, a langaɓar da kai. Umma ta shiga maƙwabta aron kujera, Baba bai dawo daga shagon walda ba, ni kaɗai ta tarar a tsakar gida tare da Auta.

"Samari, yaya zaman gidan? Kuna samun abinci?"

Ai kuwa na saki baki. Na ce rabonmu da nama tun ina rarrafe. Na ce ɓerayen gidanmu ma sun yi ƙaura zuwa Garatu saboda yunwa. Na ce a ɗaki ɗaya muke kwana, a jibge kamar doya a kasuwa, wanda duk zai juya sai ya yi sanarwa.

"Har da ƙaramar?"

"Ita muke ɗorawa a sama, Anti, tunda ba ta da nauyi."

Ta ɗan murmusa, amma ba ta daina rubutu ba. Daidai nan Umma ta shigo. Ta ji ƙarshen maganar, ta ajiye kujerar a hankali, ta dube ni. Ban taɓa ganin tsoro a idon Umma irin na ranar ba.

Auta ba Umma ce ta haife ta ba. Mahaifiyarta ta zo gidanmu da tsohon ciki daga wani ƙauye a bayan Kuta, bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta, ta kama ɗakin da ke kusa da rijiya. Ba ta cika magana ba. Ta haihu, ko suna ba a yi ba ta rasu. Mutanen cocinsu suka binne ta, amma ba wanda ya san danginta. A lokacin Umma ba ta daɗe da rasa nata jaririn ba, nono bai ƙafe ba. Baba ya je wurin mai unguwa, ya ce masa, "Ku riƙe ta, Allah ya ba ku lada." Shi ke nan. Ni na goya ta har bayana ya koyi warin fitsarinta, ni na koya mata gwalo.

Da ta isa shiga firamare aka ce sai da takardar haihuwa. Aka tambayi sunan uba, Baba ya ce ba zai ɗora nasa a kan 'yar wani ba, yana tsoron Allah. Daga nan aka tura shi ofishin walwalar jama'a. Suka yi masa bayani cewa yanzu akwai dokar kare yara, maganar mai unguwa ba ta isa ba, don an sha sayar da jarirai da sunan riƙo. Sai sun duba gida, sai sun nemi dangi, sannan kotu ta ba da riƙo. Matar da ta zo gidanmu ma'aikaciyarsu ce. Duk wannan an ɓoye mini, wai bakina ba ya riƙe magana.

Aka yi cigiya a rediyo. Umma ta riƙa addu'a, ban san ko ta a ji ba ce ko ta kada a ji.

An ji. Wani mutum ya zo, yayan mahaifiyarta. Na riga na shirya tsanarsa, na zana shi a raina da ƙaho da wutsiya. Sai ga dattijo siriri da ƙullin doya, ya ƙi kujera ya zauna a ƙasa. Tun ranar da aka watsa ƙauyensu yake neman ƙanwarsa. Auta ta leƙo daga bayan zanen Umma, ya dube ta, sai ya rufe fuska da hularsa. Ya daɗe a haka.

"Mama, na gode," ya ce. "Ita kaɗai ta rage mini a ɗakin uwata."

Umma ta ce, "Ni ma ita ce ta rage mini a nonona."

Ranar zaman kotu, matar ta tashi za ta karanta rahotonta, na miƙe ba wanda ya kira ni.

"Ranka ya daɗe, ƙarya na yi! Wallahi muna cin nama. Jiya ma mun ci!"

Aka yi dariya. Karo na farko ke nan da aka yi dariyar maganata na ji kamar in nutse.

"Zauna, samari," in ji matar. "Ban rubuta ɓerayenka ba. Yarinya tana da ƙoshin lafiya, an riƙe ta da amana, haka na rubuta."

Amma ɗaki ɗayan gaskiya ne, shi ma ta rubuta. Har yau ban san nauyin da ya yi ba. Baba ya ce ko bene gare mu, jini ne zai rinjaya. Umma ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ni kuwa da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Alƙali ya ba kawun riƙo, ya ce a riƙa kawo mana ita lokacin hutu. Umma ta yi mata kitso, ta haɗa kayanta a buhu. Auta ta ɗauka yawo za a je, har tana yi mini gori don ita ce za ta shiga gaban mota. Sai da aka tayar da motar sannan ta ga Umma ba ta shiga ba.

An kawo ta hutun farko, an kawo ta na biyu. Ta yi tsawo, tana jin yaren mahaifiyarta, tana kiran Umma Maman Minna. Hutun da ya wuce ba a kawo ta ba, kawun ya bugo waya ya ce hanya ba lafiya. Tana can Kuta, tana zuwa makaranta.