Yaya Zainabu da Hafilar Umdurman

Bana shekara shida ke nan da rasuwar yayata Zainabu. Ban taɓa rubutu a kanta ba sai yanzu da 'yata Amna, wadda ke kiranta Hala, wato inna, ta gama jami'a.

A gidajenmu na unguwar Kalakla, tun iyayenmu suna gonakin Jazira, budurwa ba ta tafiya nesa ba rakiya. Don haka idan yarinya ta gama sakandare ba ta samu makin jami'a ba, ba a tambayarta me take son zama. Sai dai a ce, "Wace kulliya 'yar maƙwabta take zuwa?" Can za a tura ta, su riƙa hawa hafila, wato motar haya, tare.

Haka aka yi wa Yaya. Aikin jinya take so, amma kulliyar tana Umdurman, sai an haye kubri, wato gada. 'Yar maƙwabcinmu kuwa sakatariya take karanta kusa da kasuwar Suk al-Arabi. Yaya ta bi ta, ta fito da difloma mai kyau, ta je neman tajsir, wato a lissafa mata darussan da ta yi ta ci gaba zuwa digiri. Aka ce mata mai diflomar sakatariya ba ya tsallakawa jinya, sai dai ta faro daga farko. Ta dawo gida ta kama ɗinki, har ta mutu ba ta daina jin zafin abin ba.

Da lokacin Amna ya zo, ita ma jinya take so, mahaifinta ya kawo wannan tsohon zance na 'yar maƙwabta. Yaya ba ta yi gardama ba. Ta je Umdurman da ƙafarta, ta tambayi darussan da jami'a ke karɓa, ta dawo ta same shi a tsakar gida.

"Abu Amna, rakiya ce matsalar?"

"Ita ce, Hajiya."

"To halas, magana ta ƙare. Ga 'yar rakiya."

Mace mai ciwon gwiwa fa! Shekara biyu tana rufe keken ɗinkinta da safe, ta kai yarinya ƙofar kulliya, ta zauna wajen mai shayi tana ɗinkin hannu har a tashi. 'Yan hafila har wuri suke ajiye mata.

Saura shekara guda Amna ta gama kulliya Allah ya karɓi abarsa. Bayan an share makoki, mahaifin Amna ya ce tunda babu mai rakiya, a dakata tukuna. Ni na san wannan tukuna ɗin, ita ta cinye Yaya. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi masifa, sai Amna ta riga ni.

"Baba, Hala Zainabu ba hanya take nuna min ba, na san hanya. Kai take nuna wa."

Washegari ya saka jallabiyarsa, ya kai ta tasha, ya tsaya har hafilar ta tashi da ita ita kaɗai.

Da Yaya tana nan yau, na san ba guɗa za ta fara yi ba. Za ta tambayi yaran unguwa ɗaya bayan ɗaya ko kulliyar da suka zaɓa tana da tajsir, ta zazzage wanda bai sani ba. Wallahi ina kewar wannan faɗan nata.

Allah ya jiƙanki, Yaya. An karɓi darussan Amna duka, ko ɗaya ba a maimaita mata ba.