Sunayen da Gari Ya Sa wa Halin Yaya Sale

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Sale. Har yau abin da nake fara tunawa shi ne tafiyarsa, wata ranar kasuwar Matameye da ya sauko daga mota, ya dawo daga cin rani a Ikko. Yana taka ƙasa a hankali kamar mai ɗauke da farantin ƙwai. Ni lokacin budurwa ce mai kwana da littattafan soyayya, sai na ɗauka begen matarsa Hadiza ne yake sa shi layi. Dariyar 'yan tasha ce ta farkar da ni.

Gari bai rasa sunan da zai sa wa halinsa ba. 'Yan tasha su ce ya yi mankas, mahauta su ce ya yi tatil, Inna kuwa sai ta ce ciwonsa ya tashi. Shi ma ya mayar da abin wasa. A bakin teku ya yi dako, yakan jero mana yadda ma'aikatan jirgi, Turawan Ingila da na ƙasar Nowe, suke kiran buguwa, yana kwaikwayon muryarsu har mu riƙe ciki. Da zai ji samarin yau suna cewa wane ya yi caji, na san zai yi dariya, sannan ya ja yaron gefe. Hadiza ce kaɗai ba ta taɓa sa wa abin suna ba. Takan cire masa takalmi, ta ajiye ruwa kusa da kansa.

Bayan rasuwarsa, wani saurayi daga Dungu ya nemi auren 'yarsa Nana, suna son juna ƙwarai. Danginsa suka turo goggonsa bincike, amsar da za ta koma da ita kuma ita ce auren. Ta zauna a tabarmata, ta rage murya.

"An ce marigayin yana ɗan taɓawa?"

Duk kalmomin nan suka zo mini baki, kowace da mayafinta. Na ce, "Hajiya, giya yake sha. Ya yi ta fama ya bari, wata shekarar ya iya, wata ta kayar da shi. Amma bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba, rumbunsa bai taɓa zama wayam ba."

 Sai ta ce nata mijin ma da haka ya koma ga Allah, kuma har yau ba ta iya faɗa wa kowa ba.

Nana tana Dungu yanzu, 'ya'yanta uku. Babban cikinsu, sunan kakansa ya ci. Aka so a riƙa ce masa Abba don kunya, kamar yadda aka saba, ta ƙi. Da yamma takan tsaya a ƙofar gida ta kira Sale da ƙarfi, duk unguwa na ji. Allah Ya jiƙan mai sunan.