Yaya Idi da Tabarau Mai Tagogin Gefe

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Idi maƙabartar Baƙi'a. A can ba a rubuta suna a kan kabari, don haka yau ko an ce in nuna inda yake, sai dai in miƙa hannu wajen wani yanki in ce nan-nan ne. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa. Bana ban fasa ba, domin 'yarsa Rukayya ta fara shiga ruwa, kuma tun da ta fara gabana bai daina faɗuwa ba.

Sunansa Idrisa, mijin yayata Habiba. Bahaushen Sudan ne, a bakin teku ya tashi, can ya koyi nutso wurin masu kankare ƙasan jiragen ruwa. Mu kuwa 'yan unguwar Harra ta Yamma ne a Madina, kakanmu ya zo hajji da ƙafa bai koma ba. Ran da ya zo neman aure Baba ya tambaye shi sana'arsa, ya ce shi gawwas ne, wato mai nutso. Baba ya yi dariya har da share ƙwalla. Mai nutso a Madina, garin baƙin dutse, inda sai ka yi tafiyar sa'o'i zuwa Yanbu kafin ka ga teku! Amma Idi ya san abin da ya zo yi. Gonakin dabino da ke kewaye da gari cike suke da tsofaffin rijiyoyi masu faɗin baki, wasu tun zamanin kakannin masu gonar. Injin ruwa ya tsinke ya faɗa, bututu ya maƙale, akuya ta zame, duk shi ake kira. Ni a lokacin direba ne da 'yar motar ɗaukar kaya, sai na zama mai kai shi, kuma mai riƙe masa igiya a bakin rijiya.

Cikin kayansa duka, babu abin da yake lallaɓawa kamar tabarau ɗin nutso, wanda yake kira naddara. Tukunyar iska yakan bar ni in ɗauka, amma naddara a hannunsa take tafiya, cikin akwatinta. Idan mun dawo aiki, kafin ya ci abinci sai ya zauna a tsakar gida ya wanke ta da ruwa mai daɗi, ya bi robar gefen da ɗan yatsa yana neman tsaga, ya shanya ta a inuwa. Bai taɓa yarda ta yini a mota ba. Yakan ce zafin Madina yana cin roba kamar yadda gara take cin itace, ba ka sani sai ranar da ta yage a fuskarka. Sabuwa idan ya saya, sai ya goge cikin gilashin da man goge baki don kada ya riƙa yin hazo. Kafin ya sauka kuma sai ya tofa yawu a ciki ya murza ya ɗauraye, Yaya Habiba tana ganin haka ta yamutsa fuska. Har gashin bakinsa ya aske saboda ita, wai ta nan ruwa ke samun ƙofa. Abokansa a masallaci suka yi ta tsokanarsa, bai damu ba.

Shekara da shekaru da ƙaramar naddara yake aiki, mai gilashi biyu, wadda take manne da fuska. Yana yabonta, wai idan ruwa ya shiga, hura hanci sau ɗaya ya isa ya fitar. Shi ya sa na yi mamaki ran da ya dawo daga Yanbu da wata ƙatuwa, mai babban gilashi a gaba da ƙananan tagogi a gefe biyu. Na tuna masa cewa shi da bakinsa ya ce irin waɗannan na masu yawon kallon kifi ne, suna da wuyar fitar da ruwa, kuma abu idan ya ratsa daga gilashin gaba zuwa na gefe sai ka ga kamar ya yi tsalle.

Ya ce, "Abdu, rijiyoyin nan sun fara yi mini ƙunci. Ina son in ga gefena."

Ban kawo komai a raina ba a lokacin. Amma daga nan ƙorafi ya fara. Ya ce tagar hagu tana hazo. Ya goge ta da man goge baki, ya sa sabulun wankin kan jarirai, ya canza maɗauri, bai ga canji ba. Ya mayar wa mai kanti, aka ba shi wata, ita ma ya ce hagunta duhu. Wata rana da la'asar na same shi a tsakar gida ya ɗaga ta sama yana hange ta cikinta, yana juya kai a hankali. Na karɓa na ɗora a fuskata. Tas take, har tabarmar da ke jingine can gefen bango ina gani ba tare da na waiwaya ba. Na faɗa masa. Ya karɓe abarsa ya rufe a akwati.

Yaya Habiba ce ta haɗa sauran. Ta ce mini ya fara buge kafaɗa da ƙofa. Ta ce idan ta ajiye masa shayi a hagunsa sai ya huce bai gani ba, kuma ranar nan Rukayya ta tsaya dab da shi yana ta ƙwala mata kira. Muka taru a kansa har ya yarda na kai shi asibitin ido. Likita ya sa shi ya kifa fuska cikin wani injin, ya ce duk sanda ya ga ƙyallin haske ya danna. Ina zaune a baya ina ganin lokutan da hannunsa ya yi shiru. Da aka gama likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da Larabawa ke ce wa moya zarga, shuɗin ruwa. Yana cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya, ba zafi, ba alama, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ya ba shi maganin ɗigawa, ya ce rijiya kam ya haƙura da ita.

A mota Idi ya yi wata 'yar dariya da ban so ba. Ya ce, "Ka ji fa. Rayuwata duka ina shiga ruwa, yanzu shi ya shigo ni."

Ya haƙura ɗin, a zahiri. Ya koma gyaran injinan ruwa a wani shago a Al-Azizya. Sai dai ya roƙe mu kada mu faɗa wa kowa dalili. Masu gonaki suka ɗauka baya ne ke damunsa. Namiji ne da aka san shi da abu ɗaya tak, bai so a riƙa kama masa hannu a bakin titi. Kuma duk Juma'a yakan fito da naddarar nan ya wanke ya shanya, alhali ta daina shiga ruwan rijiya.

Ranar da abin ya faru, an kwana biyu ana ruwan sama irin wanda ba mu saba gani ba. Kwaruruka sun cika, motoci sun maƙale, ma'aikatan ceto suna can warwatse ko'ina. Da hantsi wani mutum ya zo shagon a guje, Bahaushen Chadi ne mai suna Adamu, yana aikin ban-ruwa a wata gona arewa da gari, gaba da Bani Harisa. Ƙanensa ya zame a bakin rijiya tun da safe, bai taso ba. Sun kira ceto an ce su jira. Adamu ya san ƙanen ya riga ya tafi. Abin da yake so kawai a ciro shi a yi masa sutura kafin ya lalace, don ya sami abin da zai faɗa wa uwarsu a waya. Ya kama hannun Idi da hannu biyu yana kuka.

Idi ya kira ni in zo da mota. Na ce masa a'a. Na tuna masa maganar likita, na ce a jira masu ceto ko da za a kai gobe. Ya ce idan ban zo ba zai hau motar Adamu, kuma Adamu bai taɓa riƙe wa mai nutso igiya ba. Sai na zo.

Rijiyar tsohuwa ce, ruwan ya hau ya yi ja saboda laka. Idi ya tsaya a bakinta ya tofa yawu a gilashi, ya ɗauraye, ya manna naddarar a fuska ya ja numfashi ta hanci don ya ji ta kama. Ya yi bismilla ya sauka. Ina sakin igiya ina kallon kumfar numfashinsa tana fashewa a saman ruwa. Bayan wani lokaci ya ja igiya ta biyu, alamar ya ɗaure gawar. Mutanen gona suka jawo, Adamu ya faɗi a kan ƙanensa yana salati. Ni kuwa ina jiran tawa alamar. Na ja a hankali, na ji igiyar ta tsaya cak kamar an ɗaure ta da gindin dabino. Kumfar ta ƙaru, ta yi ta tafasa a wuri guda. Muka taru muka ja, ba ta motsa ba. Babu mai nutso a cikinmu, babu wata tukunyar iska. Na yi ta kiran sunansa cikin rijiya, na san ba ya ji. Daga baya kumfar ta fara raguwa, ta koma ɗaya-ɗaya, har ruwan ya kwanta.

Masu ceto sun iso bayan azahar. Wanda ya sauka ya ce tsohuwar wayar inji ce ta fito daga bangon rijiya ta hagu, ta naɗe bakin tukunyar a bayan wuyansa. Ya ce mini abin mamaki ne, don da fitilar hannu ana ganinta sarai, duk mai irin wannan naddara ai da gefen ido zai hango ta ya kauce. Ni na cire wa Idi naddarar daga fuska. Babu ɗigon ruwa a ciki, babu hazo ko kaɗan.

Yau da zai dawo, da wuya ya gane sana'arsa. An toshe bakin rijiyoyi da yawa da ƙarfe, wasu gonakin sun zama gidaje. Inda ya rage, kyamara ake zurawa a fara dubawa kafin mutum ya sa ƙafa, kuma na san wannan zai yi masa daɗi. Abin da ba zai yi masa daɗi ba shi ne yadda nutso ya zama wasan ƙarshen mako. Samarin unguwarmu suna sayen tabarau ta waya ba su gwada a fuska ba, su jefa a bayan mota ya yini cikin rana, Alhamis su kama hanyar Yanbu. Na taɓa ɗaukar na wani ɗan maƙwabcinmu na ja robar, na ga ta yi fari-fari da ƙananan tsagu. Na nuna masa, ya ce mini da Larabci ba matsala, ya Ammi, wato Baffa. Da Idi ne, da sai ya zaunar da shi ya yi masa karatu har magariba.

Rukayya ba ta cikin waɗannan. Tana aiki a kantin magani, ta yi aure, kuma da aka buɗe wa mata koyon nutso ta je ta koya a hannun malama, ta bi ƙa'ida. Uwarta ta yi kuka, ta yi fushi, ta aike ni in hana ta. Na je. Ina mata Hausa tana ba ni amsa da Larabci, kamar sauran sa'anninta, har sai da na ambaci idon babanta. Ita ma ba ta san da ciwon ba. Mun riƙe masa sirrin har bayan ransa. Na ba ta labari tun daga ƙofar da yake bugewa har zuwa wayar da ke bangon rijiya, na ce mata likita ya gaya mana ciwon yana bin jini.

Da Hausa ta amsa wannan karon. Ta ce, "Kawu, da kun faɗa mini tun tuni."

Cikin makon ta kai kanta asibiti. An ce idonta na hagu awonsa ya haura kaɗan, amma ganin gefe bai taɓu ba tukuna. An ba ta maganin ɗigawa, an ce ta riƙa dawowa ana dubawa, ba a hana ta ruwa ba. Daga asibitin ta kira malamarta ta faɗa mata, ta faɗa wa abokiyar nutsonta, ta ce daga yau ta riƙa tsaya mata a hagu. Ba ta fasa zuwa Yanbu ba. Awo na gaba yana nan tafe, kuma babu wanda ya san abin da zai nuna.

Idan na auna abin da Yaya Idi ya bari, ba na rasa abin faɗa. Adamu har yau yakan kawo wa yayata dabinon fari duk kaka, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi addu'a ya tafi. Akwai gidajen da suka binne nasu da mutunci saboda shi. Ya koya mini cewa kayan da ranka ya rataya a kansu ba a yi musu ganganci, sai dai idon da ke bayan gilashin bai samu irin wannan kulawar daga gare shi ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya haskaka masa inda yake.

Jiya na biya gidan Yaya Habiba, na same ta zaune waya a cinya, Rukayya tana kan hanyar dawowa daga teku. Na ce ta kwantar da hankali, ai yarinyar ba ta ɓoye komai ba. Sai ta ce, "Abdu, uban ya ɓoye, na rasa shi. Ita ta faɗa, kuma ga shi tana tafiya. Ka zauna mu jira ta tare."